Nev Klemke da Hatsin da Ya Ƙi Fid da Kai

Na san ba za ku yarda ba. Ku ne fa da ko cewa na yi rana ta fito sai kun leƙa taga. To na rantse da kabarin kakana, wanda shi ma yakan taɓa ƙarya amma ba ya yin ta ranar Lahadi, wannan abu ya faru a nan Yallabool, da rana tsaka, a gaban rabin gari. Ni da Nev Klemke aji ɗaya muka yi, rana ɗaya kuma aka sallame mu, shi saboda baki, ni saboda wani ƙadangare da ya tsinci kansa cikin jakar malama. Don haka in labarin Nev ne, kun zo gidansa.

Nev irin mutanen nan ne da in ka ce ka ga maciji, zai ce shi ya taɓa yin kokawa da uwarsa. Ba shi da gona, ba shi da ko gurguwar tunkiya, amma duk Asabar a mashayar Ossie shi ke koya wa manoman gari noma. Abin da ya mallaka a duniya a-kori-kura ce mai ƙofa ɗaya, da sandar kamun kifi, da mace mai haƙuri, Raelene, 'yar Beryl Scholz.

Ita Beryl tsohuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata tumaki da gonaki da ciwon gwiwa. Ba ta da yawan magana, amma in ta ɗaga gira ko fasto yakan taƙaita huɗuba. Wata Lahadi ana cin gasasshen rago a gidanta, Nev ya cika baki da dankali, ya ce, “Mama, da ni ke da Gonar Rafi, da tuni rumbun nan naki ya tsage.”

Beryl ta ajiye wuƙa.

“Na ba ka, shekara guda. Ka cika mini rumbu da tiritikali kafin Kirsimeti, don shi tumakina za su ci da rani. In ka cika, gonar ta zama taku kai da Raelene. In ba ka cika ba, ka dawo mini da abata, kuma kada in sake jin kalmar noma daga bakinka a kan teburin nan.”

“Mama, don Allah,” in ji Raelene, “kin fa san shi.”

“Don na san shi na faɗa.”

Nev ya goge baki da bayan hannu. “Shawarar da zan ba ki, Mama, ki fara neman rumbu na biyu.”

Tiritikali dai kun san shi, hatsin nan ruwa biyu, uwa alkama, uba wani hatsin ƙasashen sanyi. A cikinsa akwai irin da ake kira ɗan hunturu, wanda ya fi kowane cika buhu, sai dai ya gaji taurin kan dangin ubansa. Sai an shuka shi tun Maris ko Afrilu, ya kwanta a ƙasa ya sha sanyin Yuni da Yuli, watannin hunturunmu na nan, har ya ƙoshi, sannan yake yarda ya miƙe ya fid da kai. Wannan ko karnukan Yallabool sun sani.

Shi Nev ya saya, tun a Maris, ya zagaya gari da buhunan a bayan mota don kowa ya gani. Sai kifi ya fara ci a kogi. Afrilu ta wuce yana bakin ruwa, Mayu ta bi ta. Da Yuni ya kama, ya leƙo ƙafa ɗaya daga bargo, ya mayar. Sai ƙarshen Satumba, lokacin da sanyi ya naɗe tabarmarsa, itatuwa suka yi fure, aka ga Nev a kan tarakta ta aro yana shuka yana fito.

Maƙwabcinsa na shinge shi ne Gil Muller, ɗan ƙanen Beryl, mutumin da yake da sabon injin girbi, wanda matarsa ta ce da injin yana iya dafa abinci da tuni an sake ta. Nasa tiritikalin a lokacin ya kai ƙugu. Ya jingina da shinge yana kallo.

“Nev, me kake binnewa?”

“Jahilcinku nake binnewa, mutumina.”

“Ɗan hunturu? A Satumba?”

“Ku matsalarku rashin tausayi. Hatsin da yake cika rumbu alhali kuna gana masa azabar sanyi, ina ga wanda aka bari ya tashi cikin ɗumi kamar ɗan gata? Kai in an kwantar da kai a fili cikin Yuli, har wata haihuwa za ka iya?”

“'Ya'yana duk 'yan Afrilu ne,” in ji Gil. “Sai ka yi lissafi.”

Shuka ta fito, kuma gaskiya ta yi kyau. Gonar Rafi ba ta rabuwa da laima, ga ruwa ya yi ta sauka a wannan shekara. Ta yi kore shar, ta yi ta yaɗuwa, ta rufe ƙasa kamar darduma. Oktoba ya wuce tana kwance. Nuwamba ya shigo tana kwance. Gonakin mutane suka fid da kai, suka fara ja, ita kuwa ko tsawon idon ƙafa ba ta wuce ba.

“Nev,” in ji Ossie a mashaya, “'yan ƙwallo sun ce a tambaye ka, yaushe za a kafa raga a filin naka?”

“Ƙarfi yake tarawa. Ran da zai miƙe, sai kun ɗaga kai har hulunanku su faɗi.”

“Sanyi yake jira, sakarai,” in ji Gil. “Ka jira shi tare da shi, wata Yunin na nan tafe.”

Nev ya yi dariya ya fi kowa. Amma a hanyar gida maganar ta yi ta cin sa. Sanyi ne kawai? Ashe abin ma mai sauƙi ne. Sanyin da ake sayarwa?

Ranar Juma'a da azahar, rana kamar ta narka kwalta, ya shiga wurin Ossie da fuskar mutanen kirki, ya ce matan coci ne suka aiko shi, suna da walima, suna roƙon ƙanƙara. Ossie, da yake matarsa na cikin matan coci kuma yana tsoronta, ya buɗe masa ɗakin sanyi ya ce ya ɗiba. Nev ya ɗiba har sai da ya ga bango.

Da yamma masu askin tumaki suka tashi daga aiki, suka cika mashaya maƙogwaro a bushe, aka miƙa musu giya mai ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Wani ƙato ya kurɓa, ya furzar, ya tambayi Ossie ko daga cikin tunkiya ya tatso ta. Ossie ya kira matarsa, ta ce ita ba ta san da wata walima ba, kuma in akwai walimar da aka yi ba a gaya mata ba, to yau coci zai ga tashin hankali. Sai ya fito waje, ya ga layin ɗigon ruwa a kan ƙurar hanya, ya bi shi. Masu aski suka biyo bayansa da kofunansu a hannu.

Layin ya kai su har Gonar Rafi. Can suka tarar da Nev durƙushe, yana ajiye wa kowane tushe ɗan guntun ƙanƙara, yana lallashi. “To ga Yuli na kawo muku har gida. Ku ji tsoron Allah ku miƙe.” Rabin kayan ya riga ya narke a hanya. Abin da ya saura bai rufe wurin da ya fi shimfiɗar tabarma ba.

“Nev! Ina matan cocin?”

Nev ko gezau. “Sun aiko cewa sun fasa. Ni kuma ba na son almubazzaranci.”

Ƙaton nan ya sunkuya ya tsince ƙanƙarar daga gindin shuka, da ƙasa da komai, ya jefa a kofinsa. Sauran suka yi haka. Kafin ka ce me, an kwashe Yulin Nev an shanye.

Wani ne da ya haƙura. Nev kuwa cewa ya yi kuskurensa ɗaya, ya yi abin da ƙanƙanta. Yana cikin 'yan sa kai na kashe gobara, kamar kowane namiji mai ƙafa biyu a garin nan, don haka ya san inda ake rataye mabuɗin motar kashe wutar. Rijiyar Beryl kuma tana da zurfi, ruwanta har haƙori yake kamawa. Ranar Talata da hantsi ya cika tanki, ya shiga gona yana fesawa, yana waƙa. Bai yi nisa ba motar ta lume a laimar bakin rafi har ciki. Ya taka, ta ƙara nitsewa. Ya fusata ya kai wa allon gaba duka, sai jiniya ta ɗauka, ta kuma ƙi yin shiru.

Jiniya a watan Nuwamba, hatsi ya bushe a gonaki, ba abin wasa ba ce. Kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Mai aski ya fito da abokin cinikinsa rabin kai a aske. Fasto ya bar jariri a hannun uwarsa, rabin suna a baki. Wani ya iso da rago a bayan mota, gefe guda tas, gefe guda gashi, don bai tuna ya sake shi ba. Mata suka biyo baya da tulunan shayi da burodi da nama, kamar yadda aka saba ran gobara. Aka taru a bakin Gonar Rafi ana haki, ana neman hayaƙi.

“Ina wutar?” in ji Gil.

Nev ya leƙo ta taga. “Kun makara, na kashe ta.”

“Ina inda ta ci?”

“Ban bari ta ci ba. Da ta ga ni ne, ko zama ba ta yi ba.”

“To tokar fa?”

“Haba Gil, mutum ya kashe wuta shi kaɗai, ka zo kana tambayarsa toka? Na wanke.”

Da taraktar Gil aka ciro motar. Raelene ta tsaya can gefe ta rufe fuska da hula, ana tambayarta tana cewa ita baƙuwa ce. Beryl ba ta zo ba saboda gwiwa, amma kafin la'asar saƙonta ya iso. Ranar Lahadi, a hanyarta ta zuwa coci, za ta bi ta Gonar Rafi ta gani da idonta.

A nan ne Nev ya yi abin da har yau nake jin haushin ba ni na fara tunaninsa ba. Beryl ba ta sauka daga mota. Gonar kuma daga bakin hanya tudu ce, sannan ta gangara zuwa rafi, don haka mai kallo daga taga gaban kawai yake gani. Ranar Asabar kuwa duk gari za a tafi kallon tseren dawaki a garin gaba, har karnuka.

Nev ya ce cikinsa na ciwo. Da ƙurar motar ƙarshe ta kwanta, ya ɗauki lauje ya tsallaka shingen Gil, ya shiga can tsakiya inda ba a gani, ya yi ta yankan tiritikali dami-dami, da kara da zangarniya. Ya datse wayar shinge mai kauri guntu-guntu, ya ɗaure wa kowace nata ƙunshin, ya bi bakin hanya yana kakkafawa, layi bayan layi, har suka rufe tudun. Wuni guda ya yi yana wannan aiki. Da rabin wahalar nan ya yi a Afrilu, da ba ni da labarin ba ku.

Lahadi da safe motar Beryl ta tsaya, Raelene ke tuƙi. Tsohuwa ta sauke gilashi, ta gyara tabarau. Ga zangarnu jajaye, manya-manya, iska na kaɗa su. Nev na tsaye ya harɗe hannu, ya tare ƙofar gona da jikinsa.

“Ba cewa aka yi ciyawa ce ba?”

“Mahassada, Mama. Ai na ce ƙarfi yake tarawa. Cikin mako guda ya yi abin da na Gil ya yi wata tara yana yi.”

Raelene ta dube shi, ta dubi hannuwansa da waya ta yayyanka, ta tayar da mota suka wuce coci.

Dabarar Nev ita ce a bar maganar haka har a kusa Kirsimeti, sannan ya zo da kuka ya ce fara ta sauka ta cinye. Ai ba a kama mutum da laifin fara. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Beryl za ta ji daɗi. Ana gama addu'a ta miƙe da sandarta a tsakiyar coci, ta ce an daɗe ana yi wa surukinta dariya, to ranar Laraba za a girbe Gonar Rafi, Gil zai kawo injinsa, ita za ta yi abinci, duk mai haƙoran dariya ya zo ya yi amfani da su a kan kek.

“Mama, bai gama bushewa ba,” in ji Nev a bakin ƙofa.

“Daga mota ina jin ƙararsa.”

“Akwai alamar hadari.”

“Shi ya sa za a yi sauri.”

Shi kuwa Gil, da ya gano wani ƙaton fili a tsakiyar gonarsa an aske shi ƙwal, sai ya ɗora wa fararen akun nan masu ɓarnar hatsi laifi. Ya kafa bindigar korar tsuntsaye mai tashi da kanta, ta yi ta dukan kunnen jama'a har kaji suka daina ƙwai.

Laraba ta zo. Motoci suka yi layi a bakin hanya, an shimfiɗa tebura a inuwar itace, ga naman rago, ga kek mai kirim, ga shayi. Beryl na zaune a kujera kamar alƙali. Gil ya iso da injinsa yana sheƙi, ya sauko, ya nufi zangarnun zai murza ɗaya a tafin hannu kamar yadda kowane manomi ke yi. Nev ya yi tsalle ya sha gabansa.

“Kada ka taɓa! Mai gona ke yanka layin farko. Ba ni mabuɗi.”

“Injina? Gara in ba ka matata.”

“Ba shi, Gil,” in ji Beryl. “Ranarsa ce.”

Nev ya hau yana murmushi, don ya riga ya shirya. Zai ɗaga bakin injin sama ya wuce ta kan zangarnun, sannan ya kashe, ya ce injin Gil ba ya iya cin hatsi mai nauyi irin wannan. Da ma ya sha faɗa a mashaya cewa ya tuƙa wanda ya ninka wannan a arewa. Ya dubi maɓallan gabansa, sun fi na rigar soja yawa. Ya zaɓi wanda ya fi kama da na ɗagawa, ya danna.

Bakin ya sauka har ƙasa. Injin ya zabura.

Ƙarar da ta biyo baya, kamar an zuba cokulan duniya cikin injin niƙa. Waya ta naɗe haƙora, ta naɗe sarƙa, ta shige ciki tana tartsatsi. Damman hatsi suka yi ta tashi sama da sandunansu na ƙarfe, ɗaya ya sauka tsaye cikin kek ɗin matar fasto. Gil na gudu a gefe yana ihu, “Jan! Danna jan!” Nev ya danna wani abu, sai bututun zuba hatsi ya juyo ya share hular Ossie. Injin ya ratsa layukan duka, ya haye tudun, ya yi tari, ya mutu.

Ta hanyar da ya buɗe kowa ya hango abin da ke baya. Kore shar, lumui, har bakin rafi.

Daga nesa bindigar Gil ta ce dum.

Gil ya sunkuya ya ɗauki dami ɗaya. Ya dubi wayar, ya dubi zangarniyar, ya juya ya dubi gonarsa. “Ashe fararen akun bana da lauje suke yawo.”

Nev ya sauko yana kaɗe wando. “Jama'a, ku tsaya ku ji. Sabon iri ne. Da wayarsa yake fitowa, don kada iska ta kayar da shi.”

“Har da ƙulli?” in ji Ossie.

“Ai shi ne tsadarsa.”

Wata dariya ta ɓarke har mai rabin aski, wanda ya ƙarasa askinsa tun tuni, ya faɗi daga kan benci. Beryl kaɗai ba ta yi ba. Ta ce wa Raelene ta je ta buɗe ƙofar garke, a sako tumaki su ci abin da ya samu, tunda rumbu dai babu.

“Kin gani, Mama!” Nev ya tafa hannu. “Da ma shirin ke nan tun farko. Wa ke da ɗanyar ciyawa a Disamba in ba ni ba? Noman zamani...”

Beryl ta ɗaga gira.

“Gonata ta dawo,” ta ce. “Raelene, baɗi ke za ki shuka ta. A Afrilu. Ki fara da ɓoye sandar kifin nan.”

Nev ya soma ja da baya wajen teburin nama, sai ya ji an riƙe masa kwalar riga. Gil ne, idonsa ja, murya kuwa a sanyaye. Ya ja shi har bakin shinge, ya nuna masa gonarsa, tiritikali tsaye ya bushe, daga nan har inda ido ya gaza. Wani ya riga ya ciro laujen daga bayan a-kori-kurar Nev, ya miƙo.

“Injina ya mutu, hatsina na jira, hadari na tafe, in ji ka. Tunda Allah ya ba ka baiwar yanka da hannu, bismillah. Ka fara daga inda ka tsaya ranar Asabar.”

Nev ya dubi laujen, ya dubi rana, ya dubi kek ɗin da ake yankawa ba tare da shi ba.

“Haba ɗan'uwa. Har yaushe?”

“Har kayan gyara su iso daga birni.”

“Yaushe za su iso?”

“Sun ce bayan Kirsimeti.”

“Wace Kirsimetin?”

“Ban tambaya ba,” in ji Gil, ya ɗaga masa wayar shinge don ya sunkuya ya shiga.